Tsingaro, Juji da Haƙori: Yadda Ake Gano Taino da 'Yan Afirka a Kufan Garuruwan Sifaniyawa

Ranar farko da aka zaunar da ni gaban tire cike da tsingaro, a wani ɗakin ajiyar kayan tono a Santo Domingo, babban birnin Jamhuriyar Dominikan, na yi abin da kowane sabon shiga ke yi. Na tsince masu ƙyalli, fararen tangaran na Sifaniya da masu ratsin shuɗi, na jera su gefe kamar kayan ɗakin amarya. Sauran kuwa, baƙaƙe masu kauri, duk tabon hayaƙi, ba zane ba ado, na tattara na zuba a leda ɗaya. Malamar da ke kula da mu ta zo ta tsaya a kaina, ta ɗaga ledar, ta ce in faɗa mata ramin da kowanne ya fito. Ashe na riga na cakuɗa na ramuka uku. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce masu tangaran ɗin sun rubuta tarihinsu da hannunsu, masu baƙar tukunyar kuwa ita ce kaɗai takardarsu, ga shi na yaga ta.

Tun ranar nake koyon aikin da zan bayyana a nan: yadda mai binciken kufai ke gano rayuwar mutanen asali da ta 'yan Afirka a garuruwan farko da Sifaniyawa suka kafa a tsibiran Karebiyan da gaɓar nahiyar Amurka. Hanyar da na zauna a kanta ita ce ta zauren alƙali. Shaidu uku ne, takarda da tukunya da haƙori, kuma ba a yanke hukunci da bakin ɗaya.

Fara da takarda, amma ka san mai ita

Kafin ka taɓa ƙasa, karanta. Mafi yawan takardun mulkin Sifaniya a Amurka suna taskar Archivo General de Indias a Sevilla, garin da 'yan ƙwallo suka sani da wani dalilin daban. An ɗora da yawansu a intanet a rumbun da ake kira PARES, kyauta, sai dai rubutun hannun magatakardan ƙarni na 16 na buƙatar haƙuri irin na mai koyon ajami daga tsohon kundi.

Ga ƙashin bayan labarin da ya kamata ya zauna a kanka. A Janairun 1494 Kolumbus ya kafa La Isabela a arewacin tsibirin Hispaniola, wanda yau Haiti da Jamhuriyar Dominikan suka raba, da jirage 17 da mutane fiye da 1,000. Kafin 1498 garin ya zama kufai. Mutanen da suka tarar, Taino, an raba su ga Sifaniyawa a tsarin aikin tilas da ake kira encomienda, suna haƙar zinariya suna noma. Da aka ƙirga su a rabon 1514, kusan 26,000 kawai aka samu. A ƙarshen 1518 agana ta shigo ta ƙara kwashe su. A wannan shekarar ce sarkin Sifaniya ya ba da lasisin kawo bayi 4,000 daga Afirka, ko da yake baƙaƙen fata, bayi da 'yantattu, sun riga sun fara isowa daga Sifaniya tun farkon ƙarnin. Lokacin Kirsimetin 1521 bayi, galibinsu Wolof daga yankin Senegal, suka yi bore a masana'antar rake ta Diego, ɗan Kolumbus.

Lura da yadda mutanen nan ke bayyana a takarda. Ba kasafai ake ba su suna ba. Za ka gan su a lissafin gado tsakanin shanu da tukwanen dafa rake, ko a ƙarar da aka kai kan wanda ya gudu, ko a rajistar coci. Kalmomin magatakarda su ne fitilarka: indio ga ɗan asali, naboría ga mai hidimar gida, ladino ga baƙar fatar da ya iya Sifaniyanci, bozal ga wanda aka kawo kai tsaye daga Afirka. Rubuta duk inda aka ambaci wurin kwanansu ko aikinsu. Abin da takarda za ta ba ka ke nan, wurin da za ka kafa igiya. Abin da suka ci, da yadda suka dafa shi, da abin da suka rataya a wuya, magatakarda bai ga dalilin ɓata tawada a kai ba.

Tona bayan gida

Masu tonon farko sun fi zuwa coci da gidan gwamna da ganuwa, saboda nan ne dutse yake, nan ne kuma ake samun abin nuna wa baƙi. Kai ka zagaya ta baya. Nemi madafi, da juji, da tsohuwar rijiyar da aka cike da shara bayan ta ƙafe, da gefen gari inda bukkokin itace da ciyawa suka tsaya. Bukka ba ta barin bango. Abin da take bari shi ne da'irar baƙar ƙasa inda dirka ta ruɓe, kuma idan ka yi gaggawa da shebur ka share ta ba ka sani ba.

Ja igiya ka yanka filin murabba'i-murabba'i, kowanne da lambarsa. Sauka a hankali, shimfiɗa bayan shimfiɗa, da cokalin magina, kana bin canjin launin ƙasa. Duk abin da ya fito ya shiga leda mai ɗauke da lambar rami da zurfi da kwanan wata, a rubuce a waje, a kuma jefa wata 'yar takarda a ciki domin rubutun waje yakan goge. Wannan shi ne aikin da ya fi gundura, shi ne kuma wanda ba ya gyaruwa in an ɓata. A La Isabela, a zamanin mulkin Trujillo, shugaban kama-karya na Dominikan, an shigar da katafila ta daidaita filin da sunan share shi. Da masu binciken kufai José María Cruxent da Kathleen Deagan suka zo tono a ƙarshen shekarun 1980, kayan suna nan, amma a wurare da yawa an riga an dagula abin da ke sama da abin da ke ƙasa. Ledata ta ranar farko ƙaramar katafila ce.

Kada ƙasa ta bar ramin ba ta bi ta rariya ba. Mai ido kamar milimita 6 ta isa ga tsingaro da ƙusa, amma ƙayar kifi da ƙananan duwatsun wuya za su zube ta ciki, don haka ƙasar murhu da ta juji a tace ta da mai ƙananan ido, da ruwa. Ɗebi wani kaso ka zuba a bokitin ruwa ka motsa: gawayi da ƙonannun iri za su taso sama, ka kwashe da ƙyalle.

Amfanin wannan wahala ya fito a En Bas Saline, a arewacin Haiti, babban garin Taino da ake kyautata zaton na sarki Guacanagarí ne, wanda ya karɓi Kolumbus da jirginsa Santa María ya tarwatse a 1492. Kayan Turai a wurin kaɗan ne ƙwarai, har mai kallon sama-sama zai ce garin ya mutu kafin zuwan Turawa. Sai ga 'yan ƙasusuwan alade da na ɓeran jirgi, dabbobin da babu su a tsibirin kafin 1492. Su suka nuna cewa wasu shimfiɗun na bayan zuwan Sifaniyawa ne, kuma a cikinsu mutane sun ci gaba da gina tukwanensu da dafa abincinsu kamar da. Ƙashin ɓera ne ya ƙaryata labarin cewa Taino sun ɓace dare ɗaya.

Sannan gargaɗi ɗaya da na kan maimaita har ɗalibai su gaji: kada ka wanke komai da komai. Tsingaron kaskon gashi, da dutsen niƙa, da gindin tukunya mai ƙanzo, a naɗe su yadda suka fito. Taino na gurza rogo mai ɗaci, su matse gubar a wata doguwar jaka ta saƙa, su gasa garin ya zama faffaɗan burodi a kan kaskon yumɓu shimfiɗaɗɗe da ake kira burén. Wanda ya taɓa tsayawa inda ake suyar garin kwaki zai gane rabin aikin, kuma ba mamaki, domin rogon namu daga can nahiyar ya zo. An daɗe ana ɗauka duk inda aka ga burén to rogo ne. Da aka fara kankaro ƙwayoyin sitaci daga jikinsa ana dubawa a madubin ƙara girma, sai aka ga masara da dankali da wasu saiwoyi. Buroshi da ruwan famfo na minti ɗaya sun isa su shafe wannan.

Tukunya

A nan zan daɗe, domin nan ne aikin yake.

Fara da raba tsingaro gida biyu, da yatsa, ba da ido kaɗai ba. Shafa cikinsa. Tukunyar Sifaniya a kan juyi ake yin ta, don haka za ka ji siraran layuka a jere, kuma an gasa ta a rufaffen tanderu mai zafi, tana ƙara kamar ƙarfe in ka ƙwanƙwasa. Ta Taino da ta mafi yawan Afirka ta Yamma da hannu ake ginawa, a gasa a fili da itace, shi ya sa kaurinta bai daidaita ba kuma jikinta na da dabbare-dabbaren wuta.

Kayan Sifaniya su ne agogonka. Farin tangaran mai kauri da masu aikin ke kira Columbia Plain, da tulunan da ake zubo man zaitun da giya a ciki, suna canza siffa da zamani. Tulu mai zagayayyen ciki da hannu biyu na farkon zamani ne, kafin wajen 1580. Dogo marar hannu ya biyo baya. John Goggin ne ya fara jera su, kuma har yau a kan aikinsa ake gini. Da su za ka san shekarun shimfiɗa. Daga nan sai ka koma kan baƙaƙen, ka ƙirga, ka auna nauyinsu, rami-rami, shimfiɗa-shimfiɗa. Ba tsingaro ɗaya kake nema ba. Kana neman yadda kason ke canzawa daga ƙasa zuwa sama.

Misalin da ya fi koyar da ni shi ne Puerto Real, kusa da Cap-Haïtien ta yau. An kafa shi a 1503, ya rayu da kiwon shanu da sayar da fatu, har da fasa-ƙwauri da jiragen wasu ƙasashe, abin da ya sa hukuma ta tilasta a tashe shi a 1578. Wani likitan mishan, William Hodges, ya gano kufan a 1975. A shimfiɗun farko, tukwanen girki irin na Taino ne, da zanensu da siffofinsu. Da aka hauro sama, sai suka yi ta raguwa, wata tukunya ta maye gurbinsu: mai kauri, marar ado, ginin hannu, wadda aka laƙaba wa suna Christophe Plain. Ɗora wannan kan takarda, ka ga lokacin ya yi daidai da raguwar Taino da ƙaruwar 'yan Afirka a garin. Shi ya sa masu binciken suka ce mai yiwuwa hannun 'yan Afirka ne. Shaidu biyu sun haɗu.

Amma ka riƙe kalmar "mai yiwuwa" da kyau. Kama da wane ba ta wane. Rashin ado kaɗai ba ya mai da tukunya ta Afirka, domin matar Taino da aka raba da danginta, aka ɗora mata aikin gidan wani daga asuba zuwa dare, ita ma za ta daina zane. Akwai kuma 'yan asalin da aka kamo daga Bahamas da gaɓar Venezuela aka zuba a tsibirin. Duba abin da maginiya ba ta canzawa cikin sauƙi: me ta haɗa da yumɓun, yashi ko dakakken tsingaro ko ɓawon kifin teku, ta yaya ta tayar da gindin, yaya ta naɗe baki. Ado kan bi kasuwa, amma hannu na bin uwar da ta koyar da shi.

A St. Augustine ta Fulorida, wadda aka kafa a 1565, Deagan ta lura da wani tsari da ya yi suna: abin da baƙo ke gani a kan tebur na Sifaniya ne, abin da ke kan murhu kuwa na 'yan asali ne. Ta danganta shi da auren Sifaniyawa da matan ƙasar. Daga baya wasu, irin su Barbara Voss, suka ce a yi hattara, kada kalmar aure ta lulluɓe aikin tilas da bauta da cinikin kasuwa. Ni ina tare da masu hattara. Tukunya na gaya maka wadda ta tsaya a gaban wuta. Ba ta gaya maka ko da son ranta ta tsaya ba.

La Isabela kuwa ta fita daban. Can Sifaniyawa sun gina tanderun tukwane a ƙetaren gaɓar, a Las Coles, suna yin irin kayan gidansu, suna jiran abinci daga jirgi, suka yi ta fama da yunwa a ƙasar da Taino ke ƙoshi.

Kayan Bature a hannun wani

Kuskure na biyu da sabon shiga ke yi shi ne ganin kayan Turai ya ce ga Bature, ko ya ce ga wanda ya bar al'adarsa. A El Chorro de Maíta, a gabashin Kyuba, an tono maƙabarta a shekarun 1980, aka samu wasu ƙananan bututun ƙarfe tare da mamata. Da Roberto Valcárcel Rojas da abokan aikinsa suka sake duba su da na'ura, sai ga shi tagulla ce ta Turai, irin bakin igiyar da ake ɗaure riga da ita, kamar na igiyar takalmi. Ga Bature abin banza ne. Taino kuwa sun ɗauki tagulla da daraja, suna kiran ta turey, suna alaƙanta ta da sama. Don haka idan ka samu abu, tambayi inda yake kwance: a wuya, a ƙirji, a juji, ko ƙarƙashin dirka. A wannan maƙabartar aka kuma gano wani mutum ɗan asalin Afirka da wata mata daga yankin Meksiko, kwance cikin 'yan ƙasa.

Haƙori da ƙashi

Wannan shaida ta uku ba a kiran ta sai da izini: na hukumar ƙasar, kamar INAH a Meksiko, da sanin mutanen da ke ganin mamatan kakanninsu ne. Gawa gawa ce ko ta shekara 500. Ba na yarda a yi raha ko hoton banza a bakin kabari, kuma gwajin da ke cin wani yanki na haƙori ba a yin sa sai an san tambayar da zai amsa.

Ga yadda haƙori ke magana. Dutsen kowace ƙasa na da sinadarin sitironshiyam, kuma ma'aunin nau'o'insa ya bambanta da irin dutsen da shekarunsa. Yana shiga ruwa da tsiro, ya shiga jikin yaro, ya zauna a farin ɓawon haƙori lokacin da yake ƙulluwa, kuma ba ya sake canzawa. Ka yi ƙaura zuwa bangon duniya, haƙorinka na riƙe da ƙasar yarintarka.

A 2000, ana aiki a dandalin tsakiyar Campeche a Meksiko, aka ci karo da tushen tsohuwar coci da maƙabartarta, wadda aka yi amfani da ita daga tsakiyar ƙarni na 16 zuwa ƙarshen na 17. Wasu mamatan an fiƙe musu haƙoran gaba. Fiƙa kaɗai ba hujja ba ce, domin Maya, 'yan asalin yankin, ma suna gyaran haƙora. Sai Vera Tiesler da Douglas Price da James Burton suka gwada ɓawon. Yankin Yucatán, inda Campeche take, farar ƙasa ce mai ƙaramin ma'auni, waɗannan kuwa nasu ya yi sama ƙwarai, irin na tsofaffin duwatsun Afirka ta Yamma. A rahotonsu na 2006 har sun ambaci yiwuwar yankin Elmina ta Gana.

A birnin Meksiko, aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya tono kabarin taro na asibitin San José de los Naturales, wanda aka gina domin 'yan asali. Binciken da aka fitar a 2020 ya haɗa DNA da sinadaran haƙori ya nuna maza uku haifaffun Afirka ne. Ɗaya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B irin na Afirka ta Yamma, ɗaya da wata cuta mai cin fata da ƙashi. A jikinsu akwai karaya da alamun ɗaukar kaya masu nauyi, ɗaya ma da koren tabon jan ƙarfe a ƙashi, inda harbin bindiga ya same shi ya rayu. Babu takardar da ta kawo sunan ko ɗaya.

Iyakar gwajin ita ce dutse yake nunawa, ba ƙabila ba. Kuma na san tambayar da ke bakinka, don an sha yi mini ita: akwai Hausawa? Jiragen farko daga Senegambiya da Gini ta Sama suka fi ɗebo mutane, ta tsibiran Cape Verde, daga baya Kwango da Angola suka rinjaya. Labarin Hausawa a ƙetaren teku na farkon ƙarni na 19 ne, a Bahia ta Brazil, ƙarƙashin Fotugal. Haka batun addini. Akwai Musulmi cikin mutanen Senegambiya, amma wanda aka binne a harabar coci, firist ne ya shimfiɗa shi rigingine, hannuwa a kan ƙirji. Kwanciyar kabari na nuna hannun mai binnewa, ba zuciyar mamaci ba.

Daga inda kake

Ba sai ka sami biza ba kafin ka fara. Gidan tarihin halittu na Fulorida, a Gainesville, ya ɗora hotunan nau'o'in tangaran da tukwanen wannan zamanin a intanet, kowanne da shekarunsa da bayanin yumɓunsa. Zauna da su har ka iya bambanta Columbia Plain da tulun zaitun daga ɗan guntu. Sannan ka ajiye wayar ka tafi unguwar magina tukwane mafi kusa da kai. Gaishe da tsohuwar da ta fi daɗewa a aikin, ka ce, Iya, koyo na zo yi. Zauna ka ga abin da take dakawa ta zuba a yumɓu, da yadda take tayar da gindi, da inda babban yatsanta ke bari a cikin wuyan tulu. In an kwashe gashi, roƙe ta waɗanda suka fashe. Kai su gida a leda daban-daban, ka rubuta sunan unguwa da ranar a kan kowace, ka jefa wata takardar a ciki.